Daga gayya zuwa gurupma: tarihin ƙungiyoyin matasa manoma a Filinge da ƙasar Kurfai

Ƙungiyar matasa manoma taro ne na samari da ƴan matan karkara da ke haɗa ƙarfi don yin noma, kiwo ko lambu tare, suna koyon sana'ar a cikin aikin. A ƙasar Kurfai sunan wannan taro ya sha sakewa cikin shekaru ɗari da suka wuce. Kakanni sun san gayya da sarkin samari, iyaye sun san samariyar zamanin Kunce, ƴaƴan yau kuma sun san gurupma da koperatib. A kowane zamani tambaya ɗaya ce ke yanke wa ƙungiyar hukunci: gonar da matashin ke aiki a ciki ta wace ce, kuma amfanin da ya fito rumbun wa zai shiga?

Ƙasar da mutanenta

Filinge na da nisan kilomita kusan 180 arewa maso gabas da Yamai, a cikin kwarin Dallol Boso. Ita ce babban garin Kurfayawa, Hausawan da suka daɗe suna zaune tare da Zabarmawa, Buzaye da Fulani. A 2011 aka cire Abala da Baleyara daga tsohuwar gundumar Filinge, kowace ta zama gundumar kanta. Abin da ya rage ya ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Filinge, Kurfai ta Tsakiya, Imanan da Tondikandiya.

Ruwan sama a nan bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma damanar gajeruwa ce. Hatsi da wake su ne abin nomawa a jigawa, sai kiwon shanu, awaki da tumaki. A cikin kwarin kuma ruwa na kusa da ƙasa, abin da ya sa ake iya yin noman rani da rijiyoyi marasa zurfi. Gajeruwar damana na buƙatar hannaye da yawa a cikin ƴan kwanaki kaɗan, doguwar rani kuma na barin saurayi wata bakwai ko takwas ba shi da aikin gona. Waɗannan abubuwa biyu su suka haifi gayya, su ne kuma suka haifi cin rani.

Gayya da sarkin samari

Kafin zuwan Turawa, aikin gona a ƙasar Hausa yana tafiya ne a kan gandu. Maigida ke riƙe da babbar gona, ƴaƴansa da ƙannensa na yi masa aiki, shi kuma yana ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari. Saurayi na iya samun ɗan yankin da ake kira gamana ko gayauna, wanda yake nomawa a ranakun da aka ware masa, abin da ya samu kuma nasa ne.

Idan aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya sai a kira gayya, wadda Zabarmawa ke ce wa bogu. Mai gona ya tanadi fura, tuwo da goro, ya gayyato makaɗa. Samari su jera da hauyoyinsu suna tsere, ƴan mata na kawo ruwa suna zuga gwanaye. Ana yin gayya don surukin da saurayi ke neman ƴarsa, don mai gari, ko don tsohon da ba shi da mai taimako. Ba a biyan lada da kuɗi, domin wanda aka yi wa yau shi ma zai fito gobe.

Mai tsara wannan aiki shi ne sarkin samari. Yana da muƙarrabansa da ke kwaikwayon sarautun fada, ƴan mata ma suna da tasu shugabar. Shi ke sa ranar gayya, ya ci tarar wanda ya ƙi fitowa, ya shirya kokawa da wasannin kaka, ya tarbi samarin wani gari idan sun zo. Saurayin da ya ƙware a noma yana da abin hange, domin a ƙasar Hausa sarautar sarkin noma ana samun ta ne da yawan dammunan da mutum ya girbe. Wannan tsari ba shi da takarda ko asusu, amma kowa ya san abin da ke kansa da abin da zai samu.

Zamanin Turawa

Da Faransawa suka kafa mulki a farkon ƙarni na 20, sun ɗora ƙasar Kurfai a hannun gidan Mayaƙi, kuma ƙarfin samari ya zama abin da gwamnati ke ɗiba: aikin tilas na hanyoyi da gine-gine, ɗaukar soja, da neman kuɗin haraji. Tsakanin 1925 da 1927 aka yi motsin Babule, wanda wasu ke kira Hauka, da ya taso daga Cikal a ƙarƙashin wata mata mai suna Shibbo. Matasa da yawa sun bi shi, suka juya wa ikon sarki Gado Namalaya da na Turawa baya, har hukuma ta kama su ta ɗaure. Motsin na bori ne, bai shafi noma ba, amma ya nuna wa masu mulki cewa samarin Kurfai na iya tsara kansu ba da izinin kowa ba.

Yunwar 1931, wadda fara da ƙarancin ruwa suka jawo, ta yi ɓarna sosai a yammacin Nijar. Bayanta Turawa suka matsa a kan rumbunan tsimi na dole da kamfanonin tanadi da kowane mai biyan haraji ke zubi a ciki. A shekarun nan ne kuma aka fara aikin inganta shanun Azawak a Filinge, aikin da aka mayar Tukunus a 1954, kilomita kusan 20 arewa da garin. Duk waɗannan na hukuma ne, kuma da magidanta ake magana. An soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka a watan Afrilun 1946, daga nan tafiyar samari zuwa kurmi, musamman Gana da Kwaddibuwa, ta ƙara yawa.

Yadda abin ya faro a wasu ƙasashe

Kulob na matasa manoma mai rajista da malami ya samo asali ne daga Amurka. A 1902 wani shugaban makarantu mai suna A. B. Graham ya tara yara a jihar Ohayo suna gwajin noman masara da kayan lambu. Irin waɗannan ƙungiyoyi suka yaɗu, dokar 1914 ta haɗa su da ma'aikatar malaman gona, daga baya aka san su da sunan 4-H, saboda kalmomi huɗu na Ingilishi da ke farawa da harafin H: kai, zuciya, hannu da lafiya. Dabarar ita ce a ba yaro ɗan fili ko ɗan maraƙi nasa na kansa, ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, ya kai gasa. Uban da ya ƙi jin maganar malamin gona yakan saduda idan ya ga masarar ɗansa ta fi tasa.

A Ingila an kafa kulob na farko a 1921, inda yara ke gasar renon maruƙa, aka kuma kafa tarayyarsu ta ƙasa a 1932. Daga can tsarin ya shigo makarantun Najeriya. A Faransa ƙungiyar matasa manoma ta Katolika, JAC, ta bayyana a 1929, ta kuma horar da yawancin shugabannin manoman ƙasar na bayan yaƙin duniya na biyu.

Misali mafi kusa da Kurfai yana Yatenga, a Burkina Faso ta yanzu. A 1967 Bernard Lédéa Ouédraogo ya fara kafa ƙungiyoyin Naam a kan tushen kombi-naam, wato taron samari da ƴan matan Mosi na gargajiya, wanda ya yi kama da samariya. Ya ɗauki abin da ƙauye ya riga ya sani, ya ƙara masa asusu, lambun rani da aikin tare ruwa.

Bayan ƴancin kai

Gwamnatin Jori Hamani ta bi hanyar da Faransanci ke kira animasiyo, wato farkar da mutanen karkara. A 1962 aka kafa hukumar bashi da koperatib ta UNCC, aka kuma kafa ƙungiyar rediyo kulob, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri a kan noma ko kiwon lafiya, su tattauna, a naɗi muryarsu a mayar gidan rediyo. Ƙauyuka na zaɓen mutanen da za a ba horo na ƴan kwanaki su dawo su yaɗa abin da suka koya, ba tare da albashi ba. Ƙarfin wannan aiki ya fi karkata ga ƙasashen gyaɗa da auduga, kamar Damagaram da Maraɗi, inda koperatib ke da abin saye da sayarwa. Ƙasar hatsi da wake irin Kurfai ba ta samu kaso mai yawa ba.

An kuma buɗe cibiyoyin horar da matasa manoma, CFJA, irin na Ndunga da Maraɗi. Saurayi ya yi watanni yana koyon noma da shanu, zuba taki da shuka a layi, ya fito da shanun huɗa da kayan aiki a kan bashi. A ƙarshen shekarun 1970 wani babban furoje da Amurka ta tallafa a jihar Yamai, wadda Filinge ke cikinta a lokacin, ya ɗauki irin wannan hanya, yana kai miji da mata cibiya su yi damana guda.

Matsalar ta fito ne bayan komawa gida. Saurayin ba shi ke da gandu ba, saboda haka ba shi ke cewa a canza yadda ake noma ba. Wasu kayan ba su dace da jigawa mai rairayi ba. Idan damana ta ƙi, bashi na nan yana jira, sai a sayar da shanun. Abin da ya fi zama a hannun mutane shi ne amalanke, domin tana kawo kuɗi rani da damana.

Samariyar Kunce

Fari na farkon shekarun 1970 ya halaka dabbobi ya kuma tarwatsa ƙauyuka. Ranar 15 ga Afrilun 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Jori, Seini Kunce ya hau mulki. Kunce ɗan Fandu ne a ƙasar Tondikandiya, wato ɗan gundumar Filinge. Da ya soke jam'iyya, sai ya nemi wata hanyar isa ga talakawa, ya same ta a samariya. Aka farfaɗo da ita a kowane ƙauye da kowace unguwa, aka yi mata shugabanni tun daga gari har matakin ƙasa, aka gina gidajen samariya a manyan garuruwa.

Aikin da samariya ta yi a wannan zamani yana da yawa. Ta noma gonakin taro da ake kira gonar samariya, ta gina azuzuwan lakwal da ɗakunan shan magani, ta share gari, ta gyara hanyoyi. Tun 1975 aka mayar da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa, kuma samari ne ke haƙa ramuka suna ban ruwa. A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, inda jihohi ke gasar waƙa, rawa da wasan kwaikwayo. Daga 1979 aka fara tsara abin da aka kira al'ummar raya ƙasa, wadda aka ɗora a kan ginshiƙai biyu, samariya da koperatib, da majalisu daga ƙauye har zuwa majalisar ƙasa da aka girka a 1983.

Farin 1984 ya buɗe wani babi. A watan Mayun shekarar aka yi babban taron Maraɗi a kan yaƙi da hamada, sannan da damana ta lalace gwamnati ta yi kira ga kowa ya rungumi noman rani. Aka killace filaye a bakin tafkuna da kwaruruka, aka haƙa rijiyoyi, aka raba iri. A Dallol Boso wannan ya samu wurin zama saboda kusancin ruwa. Bonkuku, a ƙasar Imanan, ta shahara yau da dankalin turawa da ake kai wa kasuwannin Yamai.

Samariyar gwamnati tana da nata rauni. Umurni daga sama yake zuwa, ta hannun sufurefe da sarakuna, kuma ƙin fita aiki na iya jawo wa mutum fushin hukuma. A wurare da dama shugaban samariya dattijo ne ko attajirin gari. Amfanin gonar taro na shiga asusun da ake kashewa a tarbar baƙi da bukukuwa, saurayin da ya yi noman bai san lissafinsa ba. Ga shi kuma ranar aikin taro na cin karo da ranar da gonar gida ke buƙatar noma. Noman rani ya daɗe inda aka raba fili kowa ya san fangalinsa, ya kuma mutu a inda aka bar shi na kowa da kowa.

Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamban 1987. A 1989 Ali Shaibu ya mayar da al'ummar raya ƙasa jam'iyyar MNSD, samariya ta zama reshenta. Da aka yi taron ƙasa na 1991 aka shiga siyasar jam'iyyu da yawa, sai tsarin ya watse, samarin gari ɗaya suka rarrabu a tsakanin jam'iyyu. Gidajen samariya da yawa suka koma gidajen matasa da al'adu.

Zamanin gurupma

Bayan janyewar gwamnati, ƙungiyoyin manoma masu zaman kansu suka fito. Makiyaya sun kafa AREN a 1990. A jihohin Tillaberi da Doso, ƙungiyoyin da suka ɗauki darasi daga Naam ta Burkina suka haɗu a 1993 suka kafa tarayyar Mooriben, sunan da ke nufin talauci ya ƙare a Zabarmanci. A shekarar ce kuma aka fitar da dokar ƙasar karkara, wadda ta kawo kwamitocin filaye da ake kira Kofo. Dokar 1996 ta ba manoma damar kafa koperatib da kansu ba sai hukuma ta tsara musu ba.

Da waɗannan ƙungiyoyi sababbin dabaru suka shigo. Akwai bankin cimaka, inda ake ajiye hatsi da kaka a sayar wa ƴan gari da sauƙi a lokacin da rumbuna suka ƙare. Akwai jinginar amfanin gona, inda ƙungiya ke kulle wake ko hatsi a sito ta karɓi bashi, ta sayar bayan farashi ya tashi. Akwai tassa da rabin wata na farfaɗo da faƙo. Akwai makarantar gona, wadda hukumar FAO ta fara a Indonesiya a 1989: mutum ashirin zuwa talatin su riƙa haɗuwa kowane mako a gona ɗaya tun daga shuka har girbi, suna gwada hanyar da aka saba da sabuwa gefe da gefe. Daga 2009 kuma FAO ta kawo kulob na sauraro mai suna Dimitra, wanda ke tuna wa dattawa rediyo kulob na da, sai dai yanzu mata da matasa na da nasu rukunin, kuma wayar salula ta shigo ciki.

Rauni a nan shi ne dogaro da furoje. Gurupma da yawa an kafa su ne don a karɓi injin ban ruwa ko awaki, da furojen ya ƙare sai takardar kawai ta rage. Ƙungiyoyin mata sun fi daɗewa, saboda suna da adashi da zubin mako-mako tun kafin wani ya kawo tallafi, kuma ba sa tafiya cin rani kamar samari.

Halin da ake ciki

Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, gonakin gado kuma sai ƙara tsukewa suke yi da kowane rabo. A kan wannan rashin tsaro ya zo. Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Abala, daga baya ta shafi Filinge, aka kuma hana yawo da babura, waɗanda da su samari ke kai kaya kasuwa. A arewacin yankin akwai ƙauyukan da suka bar gonakinsu, mutanensu suka taru a manyan garuruwa, abin da ya ƙara matsi a kan filayen kwari da ke da ruwa. Saurayin da ba shi da fili ko jari, zaɓinsa kaɗan ne: Yamai, Najeriya, Libiya, wuraren haƙar zinariya, ko kuma masu ɗauke da makamai da ke neman irinsa.

Ga masu son kafa ƙungiya a yau, doka ta sauƙaƙa. A ƙarƙashin dokar OHADA ta 2010, wadda Nijar ke aiki da ita, mutum biyar sun isa su kafa koperatib mai sauƙin tsari, sha biyar kuma su kafa mai majalisar gudanarwa. Idan filin aro ne ko na haya, kwamitin Kofo na iya ba da takardar shaida da ke faɗin shekarun aron, don kada mai fili ya karɓe bayan an haƙa rijiya an yi shinge. Zauren manoma na jiha, da ke ƙarƙashin RECA, yana ba da shawara a kan iri, maganin ƙwari da farashin kasuwa, makarantar IPDR ta Kollo kuma ita ke horar da malaman gona da ake turowa gundumomi.

Idan aka jera waɗannan zamunna, abin da ya rayu a cikinsu yana da kama ɗaya. Gayya ta daɗe saboda kowa na da ranarsa. Kulob na Amurka ya yaɗu saboda maraƙin na yaron ne. Amalanke da fangalin noman rani sun zauna saboda kuɗinsu na shiga aljihun mai aikin. Gonar samariya da shanun bashi sun tafi tare da gwamnatin ko furojen da ya kawo su. Saboda haka kafin a zaɓi suna da shugaba, abubuwa uku ne sabuwar ƙungiyar matasa a Kurfai ke buƙatar ta daidaita: fili mai takarda, ruwan da zai kai ƙarshen rani, da littafin lissafi da kowane ɗan ƙungiya zai iya buɗewa ya ga rabonsa.